Umma ta ce ba za a sa mini idon mamaci ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 23. A nan Jidda aka haife ni, iyayena Kanawa ne, Abbanmu ya rasu shekara uku da suka wuce. Ina koyar da yara Alƙur'ani a gida bayan la'asar. Tun ina ƙarama nake fama da ƙaiƙayin ido, ina murza su kamar zan ƙwaƙule. Cikin shekara huɗu na canza tabarau sau biyar. Yanzu idon hagu ko da tabarau, fitilar mota ɗaya sai in gan ta ta zama shida, na dama ma ya fara. Likita ya ɗauki hoto ya ce "ƙarniyya makhruɗiyya" ce, wato 'yar fata mai haske da ke rufe baƙin ido ce ta sirance ta turo gaba. Ya ce na hagu ya yi tabo, ƙarshensa dashe ne, na dama kuma a yi masa "tasbit", wato aikin tsayar da ciwon, da wuri.

Da Umma ta ji daga jikin mamaci ake ciro abin dashen, sai ta ce atafau. Ta ce ba mu san idon wane ne ba, ko ya taɓa salla ko bai taɓa ba, kuma ran tashin ƙiyama me za mu ce wa mai shi? Yanzu kullum zuma da zamzam take ɗiga mini. Yayana kuma ya ce likitan kuɗi kawai yake nema. Ya ga tallan Lezik da rangwame, abokinsa ya yi cikin minti goma ya yar da tabarau, shi zai biya mini. Ga aurena da ɗan kawuna bayan Babbar Salla, saura wata biyar, kuma a Kano zan tare. Ban gaya masa ba, ina tsoron danginsa su ce makauniya aka ba shi. Anti, ko barcin kirki ba na yi. Me zan yi?

Ƙanwarki a Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Abba, ke kuma Ya ba ki lafiya. Kalmar nan ta "makauniya" da kika rufe wasiƙarki da ita, ita zan fara cirewa daga zuciyarki. Wannan ciwo yana ɓata gani, yana gajiyar da mai shi, amma da wuya ƙwarai ya kashe ido ɗungurungum, domin jijiyar gani da cikin idon lafiyarsu lau. Tagar ce ta lanƙwashe, ɗakin yana nan yadda yake. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Wani bincike da aka buga a 2018 kan yara da matasa 'yan shekara 6 zuwa 21 a Riyad ya samu ciwon a kusan mutum ɗaya cikin 21. A ƙasar nan shi ne kan gaba cikin dalilan da ke sa a yi dashen ƙarniyya, saboda haka likitocin nan sun saba da shi kamar yadda na gida suka saba da zazzaɓin cizon sauro.

Abin da na lura da shi a wasiƙarki shi ne, gidanku duka ya taru a kan idon hagu. Umma a kansa take kuka, Yaya a kansa yake faɗa, ke ma a kansa kika rasa barci. Idon dama kuwa, wanda da shi kike karanta Mus'hafi, an bar shi a gefe guda. Alhali shi ne mai gaggawar. Na hagu ya riga ya yi tabonsa, idan ya jira shekara ɗaya ba abin da zai ƙara rasawa sosai. Na dama kuwa kowane wata yana iya ƙara sirancewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ƙarniyya ita ce 'yar fatar nan mai haske kamar gilashin agogo da ke rufe baƙin ido. Kaurinta kusan rabin milimita ne kacal, ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. A wurinki ta yi laushi, ta sirance, sai ta turo gaba kamar kan mazurari. Shi ya sa haske ke tarwatsewa, fitila ɗaya ta zama shida, tabarau kuma ya kasa, don an yanka shi ne domin ido mai siffa daidai. Hoton nan da likita ya nuna miki mai launuka kamar taswira, inda ja ya taru wuri ɗaya, kan mazurarin ke nan.

Tasbit ɗin da ya ce a yi wa na dama ba dashe ba ne, ba a ɗauko komai daga jikin kowa. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a goge 'yar fatar saman, a jiƙa ƙarniyyar da ruwan bitamin B2 mai launin rawaya, sannan a haska mata wani haske na musamman na wasu mintoci. Zaren da ke cikinta sai su ƙulle da juna, ta yi tauri, kamar yadda sitati ke miƙar da shadda. A birnin Daresdan na Jamus aka ƙirƙiro shi, aka buga sakamakonsa a 2003, kuma a mafi yawan mutane yana tsayar da ciwon inda yake. Ki fahimta da kyau: tsayarwa yake yi, ba ya raba ki da tabarau. Ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu zuwa uku na farko akwai raɗaɗi da hawaye, za ki so ɗaki mai duhu, kuma gani yakan yi hazo na wasu makonni kafin ya washe. Sannan yana da sharaɗi. A hanyar da aka saba, ana son kaurin ƙarniyya ya kai wajen maikiron 400, wato kashi biyu cikin biyar na milimita. Idan kika bari ta sirance ƙasa da haka, aikin ya ƙara wahala, wani lokacin ma ƙofar ta rufe.

Akwai kuma dalili na biyu da ya shafi ke amarya. Sauyin da juna biyu ke kawowa a jikin mace yana iya sa ciwon ya ƙara gudu, kuma likitoci sukan guji yin tasbit ga mai ciki. Kin ga ke nan idan kika ɗage shi zuwa bayan biki, Allah kuma Ya kawo rabo da wuri, kina iya zama wata tara kina kallon idon yana tafiya ba damar taɓa shi. Ki koma wurin likitan a makon nan ki karɓi rana. Umma ba ta da abin ƙi a nan. Ki ce mata, "Umma, wannan ba na mamaci ba ne, bitamin ne da haske."

Murzar ido kuma daga yau ki ɗauke ta kamar guba. Ita ce babbar abokiyar wannan ciwo, musamman irin murza mai ƙarfi da kika kwatanta. Na san faɗa da baki ya fi sauƙi, wanda bai taɓa ƙaiƙayin nan ba ba zai gane ba. Ki nemi likita ya rubuta miki maganin ɗigawa na ƙaiƙayi, ki riƙa ajiye hawayen roba a firji, idan abin ya motsa ki ɗiga mai sanyi ko ki ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan fatar ido. Idan a kife kike kwana, ido na danne da matashi, ki sauya kwanciya.

Yanzu Yaya. Allah Ya saka masa, mutumin da ya ce zai ciro kuɗi daga aljihunsa don idon ƙanwarsa ba abin zargi ba ne. Amma Lezik a idonki, kul! Abokinsa gajeren gani kawai gare shi, ƙarniyyarsa mai kauri ce lafiyayya. A Lezik ana ɗaga wani ɓalli a saman ƙarniyya, a kankare naman ƙasa da hasken leza don a sauya siffarta. Wato ana rage mata kauri ne. Taki kuwa ciwonta shi ne rashin kauri. Tamkar katangar da ke tsagewa ce a ce za a gyara ta da sassaƙe ta. Haka ma ɗan'uwansa da ake kira Smail, duk rage nama ne. Likitan kirki yana ganin taswirar idonki zai ce a'a, wanda kuma ya ce ki kwanta a yi ba tare da ya ɗauki taswirar ba, ki ɗauki jakarki ki fita. Shawarata, kada ki yi gardama da Yaya a falo. Ki ce ya raka ki asibiti, ya yi wa likita tambayar da bakinsa, ya ga jan nan da idonsa. Idan kuma yana ganin likitan kuɗi yake nema, ku kai hotunan wurin wani ƙwararren ƙarniyya na daban ku ji ta bakinsa. Haƙƙinku ne, ba cin fuska ba ne. Kuɗin da ya ware wa Lezik, a zuba shi a tasbit.

Sai idon hagu. Kafin a kai ga wuƙa, ki tambayi likita ko an gwada miki adasa mai tauri, wato ɗan gilashin gyaran gani da ake ɗorawa a kan idon kansa, musamman babbar nan da ake cika ta da ruwan gishiri a ɗora a kan farin ido, ta yi wa ƙarniyyar rumfa ba tare da ta taɓa ta ba. Na ga wata yarinya da aka sa wa irinta karon farko. Ta daɗe tana kallon allon gwaji ba ta ce uffan ba, sai ta juya ta kalli mahaifiyarta ta ce, "Mama, ashe mayafinki zane gare shi?" Mutane da yawa da aka yi zaton sai dashe, wannan adasa ta ɗauke su shekaru. Tana da tsada, tana son tsabtar hannu da haƙurin koyon sawa da cirewa, kuma idan tabon ya yi kauri a daidai tsakiya ba za ta yi abin a zo a gani ba. Akwai kuma 'yan zobba na roba da ake cusawa cikin naman ƙarniyya su baje mazurarin, da adasar da ake dasawa cikin ido bayan ciwon ya tsaya, amma waɗannan sun fi dacewa da ƙarniyyar da ba ta yi tabo ba.

Idan duk an gwada, dashe ne ya rage, to ki sani ba sabon abu ba ne. Tun 1905 wani likita mai suna Eduard Zirm ya yi na farko da ya yi nasara, a garin Olomouc da ke ƙasar Cek a yau, ga wani leburan gona da farar ƙasa ta ƙone wa idanu. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne ba kullum ake cire ƙarniyyar gaba ɗaya ba. Hawa-hawa take, kuma yanzu ana iya sauya hawan da ya lalace kaɗai. Tsofaffin da shimfiɗar ciki ce ta gaji, ita kaɗai ake sauya musu, siririya kamar ɓawon albasa. Masu irin ciwonki kuwa shimfiɗar cikinsu lafiyayya ce, don haka ana cire na gaba a bar miki taki ta ciki. Sunan aikin DALK, ki riƙe shi don ki tambaya. Amfaninsa babba ne, domin mafi haɗarin ƙin karɓar dashe da jiki ke yi, a kan shimfiɗar cikin yake aukuwa, ke kuma taki ce. Kuma ga abin da zai ba ki mamaki: dabarar da ta yi fice a duniya wajen wannan aiki, ta hura kumfar iska da allura don raba hawa da hawa, a nan Jidda likitoci biyu, Muhammad Anwar da Klaus Teichmann, suka fito da ita, suka buga a 2002. Idan tabon ya nutse har ƙasa, ko shimfiɗar ta yage ana cikin aiki, sai a koma cikakken dashe. Shi ma a masu ciwonki yana cikin dashen da ya fi kowane daɗewa, fiye da tara cikin goma suna nan garau bayan shekara biyar.

Umma fa? Kada ki ɗauke ta a matsayin mai hana ruwa gudu. Matar da ta binne mijinta shekara uku da suka wuce, aka ce mata za a yanki wani abu daga gawa, dole jikinta ya yi sanyi. Tambayoyinta na mai tsoron Allah ne, kuma suna da amsa. Da farko ki gyara mata hoton da ke ranta. Ba ido gaba ɗaya za a dasa miki ba. Abin da ake ɗauka ɗan faifai ne mai haske wanda faɗinsa bai kai na farcen ɗan yatsa ba, babu jini a cikinsa, babu launi. Launin idonki naki ne, ganinki naki ne, ba abin da mamacin ya gani da zai biyo shi.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke tun shekarar 1398 ta Hijira, wato 1978, da rinjayen mambobinta, cewa ya halatta a ɗauki ƙarniyyar mamaci a dasa wa mai buƙata. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na nan Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da sharaɗin shi ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa su yi, kuma ba da ciniki ba. Wannan sharaɗin shi ne amsar tambayarta ta ran ƙiyama: kyauta ce mai ita ko iyalinsa suka bayar, ba ƙwace ba. Akwai malaman da suka ƙi saboda alfarmar gawa, kada ki ɓoye mata wannan. Kada kuma ki ɓoye mata cewa yawancin ƙarniyyar da ake dasawa a ƙasar nan daga ma'ajiyar ido ta ƙasashen waje ake kawo ta, musamman Amurka, don haka mai yiwuwa ne mai ita ba Musulmi ba ne. Hukuncin Majalisar Fiƙihun bai sa Musuluncin mai bayarwa cikin sharuɗɗa ba. Amma fa wannan magana daga bakinki ba za ta shiga kunnen Umma ba, a wurinta har gobe ke yarinya ce. Ku tafi tare wurin malamin da take jin karatunsa, ita ta yi tambayar. Kuma tunda dashen ba na gobe ba ne, tana da lokacin da za ta yi istihara, zuciyarta ta kwanta.

Zuma da zamzam kuwa, ki roƙe ta cikin ladabi ta ba ki ki sha, ta tofa miki addu'a. Ɗigawa a ido ne matsalar, ba don albarkarsu ba, sai don kwalbar da aka buɗe aka rufe sau ɗari da hannun da ya taɓa ta. Bayan tasbit ko dashe idon ciwo ne a buɗe, ƙwayar cuta ɗaya ta isa ta rusa komai. Kwalli ma a jingine shi sai likita ya ba da izini.

Abin da ya fi damuna a maganar dashenki shi ne Kano. Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne, jinyarsa ce shekara. Ana ɗinke faifan da zaren da ya fi gashin kai siranta, sau da yawa ɗinki 16, kuma sukan zauna shekara guda ko fiye, ana cire su kaɗan-kaɗan. Gani ba ya daidaita sai bayan watanni, kuma da yawa suna komawa tabarau ko adasa a ƙarshe. Maganin ɗigawa mai hana jiki ƙin dashen za ki daɗe a kansa, shi kuma yana iya tayar da hawan jinin ido, don haka sai ana aunawa. Akwai alamu huɗu da za ki haddace kamar Fatiha: ido ya yi ja, haske ya dame ki, gani ya ragu, ko zafi. Duk wadda ta bayyana, ranar za ki ga likita, ba gobe ba, domin idan aka kama shi da wuri magani yakan juya shi. A makonnin farko za a hana ki ɗaukar nauyi da sunkuyo, mai yiwuwa har sujada, sai ki yi nuni, kin fi ni sanin hadisin Imrana ɗan Husaini. Wurin ɗinkin kuma har abada bai kai ƙarfin asali ba. Ke da ke zaune cikin yara, gwiwar hannun ɗalibi ɗaya ta isa, don haka tabarau mai kariya zai zama abokinki.

To a yi dashe yau, bayan wata biyar ki hau jirgi da ɗinki a ido, ki sauka cikin hidimar biki da hayaƙin turaren wuta, hunturu na tafe da ƙurarsa, babu likitan da ya san idonki? Ni ban ba ki wannan shawara ba. Hanyoyi uku nake gani. Ko dai a yi tasbit yanzu, a gwada adasa a na hagu, a yi biki a kan lokacinsa, dashe ya jira har ki zauna ki san inda za ki yi jinyar shekara. Ko a ɗaura aure a ɗage tarewa, a yi dashen nan kina gaban Umma. Ko kuma a yi shi nan, amma sai an riga an samu ƙwararren ƙarniyya a gida da ya yarda zai karɓe ki, da rahotonki a rubuce da Turanci. Akwai asibitocin ido a Kano, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, sai a bincika tun yanzu wa ke duba masu dashe. Ni ta farkon na fi karkata gare ta.

Kin ga kuwa duk ukun babu wadda za ta yiwu ba da sanin angonki ba. Ki gaya masa, kuma ke da kanki, kafin ya ji a bakin wata gwaggo an ƙara gishiri. Ɗan kawunki ne, labarin da Umma da Yaya suka sani ba zai kwana uku bai isa Kano ba. Ba sai kin yi kuka ko neman gafara ba, ba laifi kika yi ba. Ki ce masa, "Akwai larurar ido da nake da ita, ga sunanta, ga hoton, ga abin da za a yi, kuma ba makanta ba ce." Mutumin da zai riƙa kai ki asibiti yana da haƙƙin ya sani tun yanzu, ke ma kina da haƙƙin ki ga yadda fuskarsa za ta yi tun kafin a shafa Fatiha. Idan ya tambayi gado, ki faɗa masa gaskiya: ciwon yakan bi dangi, an fi ganinsa inda auren zumunci ya yi yawa, amma mafi yawan 'ya'yan masu shi ba sa samunsa. Abin yi shi ne a hana yara murzar ido, a yi maganin ƙaiƙayi da wuri, a ɗauki taswirar idonsu idan sun tasa. Shi ma ya je a duba nasa.

Ta ɓangaren kuɗi, idan igamarki, wato takardar izinin zamanki a Saudiyya, na da inshora, likita ya rubuta rahoto ya bayyana cewa larura ce mai ci gaba, ba gyaran kwalliya ba, domin kamfanoni sukan ƙi biyan Lezik amma su duba irin wannan. Idan babu, ku kai rahoton ƙungiyar Zamzam ta ayyukan lafiya da ke nan yankin Makka, ko a nemi a shigar da ke dandalin Shifa na tallafa wa marasa lafiya da kuɗin jinya. Kuma ranar da za ku koma asibiti, ki ja ƙannenki ku tafi tare, musamman wanda kika san yana yawan murza ido, a ɗauki hoton nasu su ma. Ki rubuto mini bayan an yi tasbit ɗin, in ji yadda kuka ƙare da Umma. Ki gaishe ta.